Ranar Hutun Baba Yacouba

A zauren motocin da Baba Yacouba yake aiki, can Ras Al Khor a Dubai, akwai wata ƙa'ida da kowane ma'aikaci ya sani. Duk baƙon da ya shigo neman mota, wanda ya fara zaunar da shi a teburinsa ya sa katin shaidarsa a na'ura, to baƙon ya zama nasa har wata uku. Ko yau ya sa hannu, ko bayan sati shida, cinikin na wanda ya fara rubuta shi ne. Su shida ne masu sayarwa a zauren, ana son kowa ya fitar da mota takwas a wata. Wanda ya gaza wata uku a jere ba a korarsa. Cire shi ake yi daga sanyin zaure a mayar da shi filin baya, inda ake jera motoci a rana, a wanke su, a fito da su ga masu su.

Baba Yacouba ya gaza a Yuni, ya gaza a Yuli. A satin ƙarshe na Agusta yana da bakwai. Izzuddeen, ɗan abokinsa, ya san wannan sarai, domin tsohon da bakinsa ya gaya masa.

Yacouba Issoufou mutumin Damagaram ne. Ya yi bokon Faransanci har ya kusa gama kwaleji, mahaifinsa ya rasu, ya ajiye littafi ya koyi tuƙi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ɗauko motocin gwanjo daga Kwatano yana kai su Maraɗi da Damagaram da Kano. In ya shigo Kano, masaukinsa soron Alhaji Abdulganiyyu ne, mai sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, wato mahaifin Izzuddeen. Su biyun ba sa gaisawa sai sun tsokani juna, kamar yadda Bakano da Badamagare suka saba. Ranar sunan Izzuddeen ma Yacouba yana gidan, kuma har yau yana cewa shi ya riƙe ƙafar ragon.

Daga baya wani ɗan kasuwa ya taho da shi Dubai don ya riƙa yi masa tafinta. Ɗan kasuwar ya koma, shi ya zauna. Ya yi shekara uku a lungunan unguwar Naif yana ɗaure kayan 'yan kasuwa ana aikawa gida, takalma da jakunkuna da lesuka, sannan ya gangaro kasuwar motoci. A lokacin mutanen Kamaru da Cadi da Mali da Kwango ne suke cika wurin, ba mai jin Faransancinsu, sai ga Yacouba ya iya Faransanci kuma ya san mota tun daga ƙarar injinta. Kamfanin da yake yi wa aiki yanzu da kansu suka neme shi. Akwai shekarun da ake layi a gaban teburinsa.

Kasuwa ta juya a hankali. Masu saye daga Afirka suka koma kallon mota ta waya suna zaune a garuruwansu. Kamfanin ya koma ba da hayar mota ta shekara biyu ko uku ga ma'aikatan ofis, masu shigowa sun riga sun karanta komai, suna son wanda zai amsa musu da Turanci mai sauri. Baba Yacouba kuwa sai ya tambayi mutum lafiyar iyayensa da ta yara kafin ya tambaye shi wace mota yake so. Wasu suna jin daɗin haka. Da yawa kuma agogo suke dubawa. Yanzu shekararsa hamsin da takwas, gwiwarsa ta dama tana ciwo, matarsa Safiatou da 'ya'yansa biyar suna Damagaram, wata ɗaya yake ganinsu a shekara. Babbar, Aziza, tana karatun ungozoma a Yamai. Mutumin filin baya ba ya samun kamasho, kuma da kamashon nan Aziza take karatu.

Da Izzuddeen ya gama karatun injiniya ya samu aiki a wata masana'antar bututu a Dubai Investments Park, Baba Yacouba ne ya je filin jirgi ya ɗauko shi. Sati uku yaron yana kwana a kan gadonsa, shi yana kan katifa a ƙasa. Shi ya kai shi gwajin lafiya na biza, shi ya nuna masa yadda ake sa kuɗi a katin jirgin ƙasa, shi ya samo masa ɗaki. Tun ranar farko ya laƙaba masa Injiniya, kuma da haka yake gabatar da shi ga kowa, har da mai gadin zaure: wannan ɗana ne, Injiniya.

Daga ɗakin Izzuddeen zuwa wurin aikinsa tafiyar awa biyu ce, bas da jirgi da wata bas ɗin. Sau uku ya makara a wata ɗaya, shugabansa ya kira shi ya yi masa magana. Da ya ci gwajin tuƙi a karo na uku, abin da ya rage mota. Banki ba zai saurari sabon ma'aikaci ba, don haka sai haya.

Ran Lahadi da rana suna cin shinkafa da miyar kuɓewa a ɗakin Baba, Izzuddeen ya kawo maganar. Tsohon ya ajiye cokali ya yi hamdala. Ya ce akwai wata ƙaramar mota fara, ba ta shan mai, zai sa a ajiye masa. Sannan ya yi dariya ya ce Allah ne ya turo Injiniya, domin saura masa ɗaya a watan nan, in bai cika ba sai filin baya, ya je ya gasa gwiwarsa a rana ko za ta warke. Cikin wasa ya faɗa, amma bai ƙara cin abincin ba. Ya ce ya zo ran Laraba da katinsa da takardar albashi, domin Talata ranar hutunsa ce, yana shiga Naif gaida mutane.

Izzuddeen ya tashi daga wurin. Bai tambayi nawa ne a wata ba. Ya so tambaya, bakinsa ya ƙi. Ta yaya zai dubi mutumin da ya bar masa gado ya ce Baba rage mini? Ya san kansa. Duk abin da tsohon ya faɗa ran Laraba, sunkuyar da kai zai yi ya ce Allah ya sa albarka, ya sa hannu, ya kuma biya shi har wata ashirin da huɗu.

Ran Litinin a wurin cin abincin masana'anta ya gaya wa Hadi, wani ɗan Kaduna da ya riga shi zuwa da shekara biyar. Hadi ya ce ai a garin nan na gida shi ya fi iya yanka mutum, domin ya san ba za ka buɗe baki ba. Ya kawo labarin mutum uku da aka yi wa haka. Izzuddeen ya ce Baba ba haka yake ba. Hadi ya ce bai ce haka yake ba, amma me zai hana ya je ran Talata, tunda tsohon ba ya nan, ya zauna da wani daban ya ji farashi? Jin farashi kawai. Ran Laraba sai ya zo wurin Babansa da idonsa a buɗe. Ai ko a Kantin Kwari mutum yakan zaga rumfa biyu kafin ya koma wurin nasa.

Maganar ta zauna wa Izzuddeen daidai. Abin da bai gaya wa Hadi ba, bai ma gaya wa kansa sosai ba, shi ne cewa labaran nan uku sun shige shi. Mutumin da saura masa ɗaya, mai 'ya a makaranta, zai iya ƙara ɗan wani abu a kan yaron da ba zai yi musu ba. Wannan tunanin ya zo masa, bai kore shi ba.

Ran Talata ya ce wa shugabansa zai je asibiti. Ƙarfe sha ɗaya ya tura ƙofar gilashin zauren, sanyi ya buge shi, rigarsa ta manne a baya saboda gumi. Mai gadin da ya san shi ba ya bakin ƙofa, ya ji daɗin haka, sai kuma ya ji kunyar jin daɗin. Teburin Baba yana can kusurwa kusa da tukunyar fure, kujerar a tura, butar shayinsa a rufe da tawul. Izzuddeen ya kau da kai.

Ya tsaya yana duban sauran biyar ɗin kamar mai zaɓen layi a asibiti. Akwai wata mata 'yar Filifin, amma ta taɓa ganinsa tare da Baba. Akwai wani dattijo Ba'indiye da suke sallar azahar tare da tsohon, shi ma bai yi ba. Sai wani matashi Bamisire, sabon zuwa, mai gyararren gemu, an rubuta Karim a ƙirjinsa. Wannan bai san shi ba. Ya nufe shi.

Karim ya miƙe ya ba shi hannu, ya kira shi habibi, ya sa aka kawo masa ruwa. Ya karɓi katin shaidar, ya riƙe shi a saman na'urar bai sa ba tukuna. Da Turanci ya tambaye shi:

"Akwai wanda ka sani a nan? Wani ne ya turo ka?"

Izzuddeen ya ga abin da zai biyo baya in ya ce e. Gobe da safe Karim zai ce wa Baba, ɗanka ya zo jiya da ba ka nan.

"A'a," ya ce. "Babu kowa."

Karim ya tura katin.

Cinikin ya yi masa daɗi, wannan ma yana cikin abin da yake damunsa har yau. Da baƙo bakinsa ya buɗe. Ya yi musu a kan kuɗin wata, ya yi musu a kan yawan kilomitar da aka yarda ya yi a shekara, ya miƙe kamar zai tafi, Karim ya riƙo hannunsa yana dariya yana cewa ku 'yan Najeriya sai kun ga jinin mutum. Sau biyu Karim ya shiga ofishin manaja ya fito. A ƙarshe ya rubuta masa farashi a bayan katinsa. Izzuddeen ya ce zai yi tunani. Ya fito yana jin kansa kamar wanda ya ci jarrabawa, ya tura wa Hadi hoton katin.

Ran Laraba ya dawo da takardunsa a cikin farar ambulan. Baba Yacouba ya sa sabuwar riga mai ruwan toka. Tun daga nesa ya ɗaga hannu, ya ce wa Ba'indiyen nan ga Injiniya ya iso, ya ce wa manaja da ke wucewa, patron, wato maigida, ga ta takwas. Ya zuba masa shayi, ya tambayi Alhaji, ya ce ya gaya wa Bakanon nan yau ɗansa zai hau motar da shi bai taɓa hawa ba. Sannan ya sa tabarau, ya karɓi katin, ya yi bisimilla ya tura.

Ya daɗe yana kallon allon. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya mayar, ya sake kallo. Izzuddeen bai gane ba sai da ya leƙa. Sunansa ne a sama, da ranar jiya, da ƙarfe sha ɗaya da minti goma sha huɗu, a ƙasa kuma sunan Karim.

"Jiya ka zo?" in ji Baba, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Baba, farashi kawai na zo ji."

"Bon," in ji shi da Faransanci, wato to.

Ya zaro katin ya miƙa masa da hannu biyu, ya dafa tebur ya tashi a hankali saboda gwiwar, ya ce ya taho. Da kansa ya raka shi har teburin Karim. Ya ce wa Karim da Larabcin kasuwa wannan ɗansa ne, ya riƙe shi da kyau.

Karim ya dubi Izzuddeen, ya dubi tsohon, fuskarsa ta sauya. Ya rantse cewa ya tambaye shi, wallahi ya tambaye shi kafin ya sa katin. Baba ya ce ya sani, ba laifinsa ba ne, ya koma teburinsa.

Sai a nan Izzuddeen ya ji ƙa'idar, daga bakin Karim. Da ya ambaci sunan Yacouba jiya, da a ƙarƙashin Yacouba za a rubuta shi ko da tsohon ba ya nan, don haka ake yin tambayar. Izzuddeen ya ce to a canza. Karim ya ce ba a hannunsa yake ba, kuma gaskiya shi ma watansa na biyu ke nan a aikin, mota shida gare shi. Izzuddeen ya shiga ofishin manaja ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Ya yi bayani, Turancinsa yana harhaɗewa, ya ce kuskure ne, ya ce wannan mutumin kamar uba yake a wurinsa. Manajan ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi: an tambaye ka ko ka san wani, me ka ce? Manajan ya ce in ya canza wa ɗaya, gobe duk shidan za su kawo masa 'ya'yansu. Khalas, magana ta ƙare.

Ya fito ya tsaya a gaban teburin kusurwa ya ce ya fasa karɓar motar. Baba Yacouba ya ce fasawar ba za ta mayar da sunansa ba, sai dai ta hana Karim, shi kuma Izzuddeen ya ci gaba da makara har a sallame shi, a yi asara biyu a kan ɗaya. Ya ce ya je ya sa hannu, kuma ya karanta shafi na uku da kyau kafin ya sa. Izzuddeen ya je ya sa.

Kwana huɗu suka rage a watan. Izzuddeen ya bi duk wanda ya sani a masana'anta yana tambaya ko akwai mai son mota. Ya roƙi Hadi, Hadi ya ce tasa saura shekara guda, kuma shi shawara ya bayar, bai ce a yi ƙarya ba. Wani Bapakistane ya ce zai je ran Asabar, bai je ba. Izzuddeen ya buɗe lambar Baba ya fi sau goma yana rufewa. Mahaifinsa ya kira daga Kano sau biyu, bai ɗauka ba.

Ran biyu ga Satumba Karim ya aiko masa cewa mota ta shirya, ya je filin baya ya karɓa. Ya isa bayan la'asar, kwalta tana turiri. Filin ya fi filin ƙwallo girma, motoci jere gilasansu suna ƙyalli, inuwa ɗaya ce, wata rumfar kwano a bakin ƙofa. Wani mutum sanye da rigar aiki shuɗiya da malafa ya fito daga tsakanin layuka yana jan ƙafar dama, da tarin makullai a hannu. Rigar ta yi masa yawa, an naɗe hannayenta.

Izzuddeen ya durƙusa a kan kwalta mai zafi. Baba ya ce ya tashi, ana kallonsu, nan ba soron Alhaji ba ne. Ya kai shi wurin motar, fara ƙarama. Ya zagaya da shi yana nuna masa komai, ya ce ya ɗauki hoton kowane gefe da wayarsa tun yanzu, don ranar mayarwa kada a ɗora masa karcen da ba shi ya yi ba. Ya ce tayar baya ta hagu ba ta gamshe shi ba, ya sa an canza da safe. Ya karɓi kwantiragin ya riƙe nesa da idonsa ya karanta, ya gyaɗa kai.

"Ka iya ciniki, Injiniya. Ni ban isa in sauke maka har nan ba."

Izzuddeen ya ce Baba ka yafe mini, ya fara bayanin gado da katifa da yadda bakinsa ya ƙi buɗewa ran Lahadi. Maganar Hadi da labaran nan uku bai faɗa ba. Yana ganin tsohon ya sani.

"Kana tsammani kai ne na farko?" in ji Baba Yacouba. "Shekara goma sha bakwai ina zauren nan. Yaran gida ba sa iya kallon idona su ce rage. Na sani. In sun zo sai in sa katinsu, in kai su teburin wani in ce ku yi faɗanku, ni in tafi dafa shayi. Haka na shirya maka ran Laraba. Har na gaya wa Ba'indiyen nan kada ya ji tausayinka."

Ya miƙa masa makulli. Ya ce manaja ya ce za a duba bayan wata shida in wani ya tafi, amma shi bai sa rai ba. Ya ce ya gaya wa Safiatou an canza masa sashe, bai ce mata wane ba, kuma ba ya son Kano ta riga Damagaram ji, don haka in Alhaji ya kira ya ce masa an samu mota, shi ke nan. Izzuddeen ya ce zai riƙa kawo wani abu duk wata saboda karatun Aziza. Tsohon ya dube shi, karon farko da ya ga ɓacin rai a fuskarsa, ya ce bai kai nan ba tukuna, ranar da ya kai zai faɗa.

Rediyon da ke ɗaure a ƙugunsa ya yi ƙara, ana kiran lambar wata mota, mai ita yana jira. Baba ya amsa da Larabci, ya ce wa Izzuddeen yalla, maza ya shiga ya tayar, yana tare hanya. Ya tafi gaban motar yana tafiya da baya, yana yi masa alama da hannu, dama kaɗan, dama kaɗan, miƙe, har ya fitar da shi daga tsakanin layuka zuwa ƙofa. Ya ɗaga sandar ƙofar da kansa.

Izzuddeen ya wuce ya yi kamar mita ɗari, ya tsaya a gefen titi gaban wani shagon tayoyi. Ta madubi yana hango ƙofar filin. Sandar ta sauka. Baba Yacouba ya tsaya yana juya tarin makullan ɗaya bayan ɗaya, yana kai kowanne kusa da idonsa don ya karanta lambar, har ya samu wanda ake nema, sannan ya koma cikin rana.